George Westinghouse, mutumin da ya tsayar da jirgin ƙasa da iska har manyan motoci suka gada

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tirela a tashar manyan motoci ta Maraɗi, ko a bakin hanya lokacin lodin albasar Galmi, ya san wannan ƙarar. Da direba ya tsaya ya ja birkin hannu, sai motar ta yi wani dogon huci, ƙura ta tashi a ƙarƙashinta. Yara kan zabura, manya kuwa sun saba har ba su waiwaya. Wannan huci iska ce ke fita daga tukwanen birki, kuma fitar tata ce ke sa mota mai ɗauke da tan 30 ko 40 ta kafe wuri guda.

Asalin dabarar ya koma ga wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse, wanda ya mutu a shekara ta 1914, tun kafin birkin iska ya shiga manyan motoci. Shi don jirgin ƙasa ya ƙirƙiro shi. Amma ƙa'idar da ya kafa ita ce har yau ake bi a kan kowace tirela da ke bin babbar hanya daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram: a gina birki ta yadda idan abu ya lalace, idan tiyo ya tsinke ko iska ta zube, abin hawa zai tsaya da kansa maimakon ya ƙwace.

Yaron da ya girma a shagon injuna

An haifi George Westinghouse ranar 6 ga watan Oktoba na 1846 a wani ƙauye mai suna Central Bridge, cikin jihar New York. Shi ne na takwas cikin ƴaƴa goma. Yana da kimanin shekara goma iyalin suka koma garin Schenectady, inda mahaifinsa ya buɗe shagon ƙera injunan noma, irin su injin sussukar alkama, da ƙananan injuna masu aiki da tururi. A nan yaron ya tashi, cikin ƙarafa da baƙin mai. Karatun aji bai dame shi ba, amma hannunsa ya faɗa da wuri wajen gyara da ƙira.

A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka. George, yana da shekara 15, ya gudu daga gida don ya shiga soja, mahaifinsa ya sa aka dawo da shi. A 1863 ya samu izini ya shiga rundunar sojan doki, sannan a ƙarshen 1864 ya koma sojan ruwa a matsayin ƙaramin injiniya mai kula da injin jirgi. Yayansa Albert bai dawo daga wannan yaƙi ba. Da aka sallame shi a 1865, ya shiga kwalejin Union da ke garinsu, amma bai wuce wata uku ba ya ajiye karatun ya koma shagon mahaifinsa. A watan Oktoba na wannan shekarar, yana da shekara 19, ya karɓi takardar shaidar mallakar ƙirƙirarsa ta farko, a kan wani injin tururi.

Daga nan hankalinsa ya karkata ga jirgin ƙasa. Ya ƙera wani ƙarfe da ke taimakawa wajen mayar da taragon da ya sauka daga layi, da wani da ake sawa a mahaɗar layin dogo. A cikin jirgin ƙasa ne ma ya haɗu da Marguerite Erskine Walker, wadda ya aura a watan Agusta na 1867. Neman kamfanin da zai riƙa zuba masa ƙarafan nan da arha ne ya kai shi birnin Pittsburgh a 1868, kuma a nan ya yi yawancin sauran rayuwarsa.

Yadda ake tsayar da jirgi a wancan zamani

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda ake tsayar da jirgi a lokacin. Kowane tarago yana da birkinsa na hannu, wato wani ƙarfe zagayayye kamar sitiyari da ake murzawa, sarƙa ta ja takalmin birki ya matse ƙafar jirgin. A jiragen kaya, wannan sitiyari a saman rufin tarago yake. Idan direba yana son tsayawa sai ya busa usur, ma'aikatan birki su hau rufi, su murza na wannan tarago, su tsallaka zuwa na gaba su murza, jirgi kuwa yana gudu. Da dare, da ruwan sama, da ƙanƙara, haka ake yi.

Mutane da yawa sun faɗo tsakanin taragu, wasu gada ta buge su. Jirgin kuma ba ya tsayawa sai ya yi tafiya mai nisa, har sau da yawa direbobi biyu kan hango juna tun daga nesa a kan layi ɗaya, su busa usur, amma su yi karo suna ji suna gani. Shi ya sa kamfanoni ba su iya ƙara gudu ko tsawon jirgi, don ƙarfin injin ba shi da amfani idan ba a iya tsayar da abin da yake ja.

Abin da Westinghouse ke nema shi ne hanyar da direba shi kaɗai, daga mazauninsa, zai kama birkin duk taragu a lokaci guda. Ya yi tunanin doguwar sarƙa da za ta bi ƙarƙashin jirgi, ya ga ba za ta yi wa dogon jirgi ba. Ya koma ga tururi, sai ya tarar tururi na hucewa ya zama ruwa a cikin bututu kafin ya kai taragun baya.

Amsar ta zo masa daga wata mujalla. A ciki ya karanta labarin ramin jirgin ƙasa na Mont Cenis, mai tsawon fiye da kilomita 12, da ake haƙawa a ƙarƙashin duwatsun Alp tsakanin Faransa da Italiya. Injiniyoyin wurin suna matse iska a bakin ramin, su tura ta cikin bututu zuwa can ciki, ta juya injunan fasa dutse. Ya ga cewa iskar da ta iya yin wannan tafiya ba tare da ta rasa ƙarfinta ba, za ta iya bin tsawon jirgi. Ba ta zama ruwa kamar tururi, kuma ba a sayen ta.

Gwajin farko

Tsarinsa na farko mai sauƙi ne. A kan jirgi akwai famfo mai aiki da tururi wanda ke matse iska ya tara a babban tanki. Bututu ya tashi daga tankin ya bi ƙarƙashin taragu, tiyon roba na haɗa tarago da tarago. A ƙarƙashin kowanne akwai silinda mai fistin. Idan direba ya buɗe bawul, iska ta kwarara cikin bututu, ta tura fistin, fistin ya matse takalmin birki a jikin ƙafa. Idan ya saki iskar, birki ya saki.

Shugabannin kamfanonin jirgi da dama da ya tunkara sun ɗauki zancen tsayar da jirgi da iska a matsayin shirmen yaro. Wani matashi ɗan Pittsburgh mai suna Ralph Baggaley ne ya sa kuɗinsa aka ƙera kayan, daga baya wani kamfani ya yarda ya ba da jirgin fasinja da ke zuwa garin Steubenville a yi gwaji, bisa sharaɗin duk ɓarnar da aka yi a wuyan Westinghouse take. Masu rubuta tarihinsa sun ce jirgin bai daɗe da barin tasha ba, yana fitowa daga wani rami, sai direba ya ga mai keken doki ya faɗo a kan layi. Ya finciki bawul ɗin, jirgin ya tsaya saura taku kaɗan ya take mutumin. Manyan kamfanin da ke taragon baya suka zube daga kujerunsu, suka fito a fusace, suka tarar da dalilin tsayawar yana raye.

Ranar 13 ga Afrilu na 1869 aka ba shi takardar mallakar birkin iska. A watan Satumba na wannan shekarar ya kafa kamfanin Westinghouse Air Brake a Pittsburgh, bai cika shekara 23 ba. Cikin ƴan shekaru jiragen fasinja da yawa a Amurka suka ɗauki sabon birkin.

Gyaran 1872, wanda ya fi ƙirƙirar farko muhimmanci

Birkin yana aiki, kuɗi na shigowa, amma mai shi ya san yana da mugun lahani. Tunda iskar da ke cikin bututu ce ke kama birki, to duk abin da ya huda bututun ya kashe birkin jirgin gaba ɗaya. Idan taragu suka rabu a kan gangara, tiyo zai tsinke, iska ta zube, sashen gaba da na baya duk su rasa birki. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatarsa ne yake gazawa.

A 1872 ya juya tsarin baki ɗaya. Yanzu bututun a cike yake da iska koyaushe muddin jirgi na tafiya. Kowane tarago ya samu ƙaramin tankinsa, tare da wani bawul mai aiki uku da ke tsakanin bututu, tanki da silindar birki. Bawul ɗin yana auna ƙarfin iskar ɓangarori biyu ne kawai. Idan iskar bututu ta fi ta tanki ƙarfi, sai ya cika tankin, ya kuma buɗe wa iskar silinda hanyar fita, birki ya saki. Idan iskar bututu ta ragu, sai ya buɗe wa iskar tanki hanya ta shiga silinda, birki ya kama. Ayyukan uku ke nan: cika tanki, kama birki, sakin birki.

Saboda haka direban da ke son tsayawa ba ya tura iska, rage ta yake yi daga bututu. Ya rage kaɗan birki ya kama kaɗan, ya zubar da ita duka birki ya kama da iyakar ƙarfinsa. Idan kuma tiyo ya tsinke ko jirgi ya rabu biyu, iskar bututu za ta zube da kanta, kowane bawul ya ɗauka umarni aka ba shi, kowane tarago ya kama birkinsa da iskar tankinsa, ko da direba bai san abin da ya faru ba. Lalacewar da a da take sakin jirgi, ita ce yanzu ke tsayar da shi.

Abin da rashin irin wannan birki ke jawowa ya bayyana a Armagh, a tsibirin Ayaland, ranar 12 ga Yuni na 1889. Wani jirgi cike da yara da iyayensu masu zuwa yawon shaƙatawa ya kasa hawa tudu, ma'aikata suka raba shi biyu. Birkinsa irin wanda ke mutuwa ne da zarar an cire tiyo. Taragun baya suka gangara suka yi karo da jirgin da ke biye, mutum 80 suka mutu. A wannan shekarar majalisar dokokin Birtaniya ta tilasta wa jiragen fasinja birki mai kama kansa.

Jiragen kaya da dokar 1893

Jiragen kaya sun fi wuya. Suna da tsawo, kuma raguwar iska na ɗaukar lokaci kafin ta kai taragon ƙarshe. A 1886 da 1887 ƙungiyar masu ƙera taragu ta shirya gwaji a garin Burlington na jihar Iowa, da jirage masu tarago 50. Sakamakon farko bai yi wa Westinghouse daɗi ba. Taragun gaba na kamawa tun na baya suna gudu, sai na baya su daki na gaba da ƙarfin da ke watsa kaya ya jefar da mutane. Masana da dama suka yanke cewa iska kaɗai ba za ta iya ba, sai an haɗa da lantarki.

Westinghouse ya koma masana'anta. Cikin watanni ya faɗaɗa bututun, ya sake fasalin bawul ɗin ta yadda a tsayawar gaggawa kowane tarago zai zuƙe iskar bututun da ke kusa da shi, ya gaggauta wa na bayansa. Umarnin birki ya riƙa ratsa tarago 50 cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A ƙarshen 1887 ya ɗauki jirgi mai tarago 50 ya zagaya manyan biranen ƙasar yana nuna wa jama'a.

Duk da haka kamfanoni da yawa sun ƙi kashe kuɗin. Ma'aikacin birki ya fi musu arha. A ƙarshen shekarun 1880 ma'aikatan jirgi kimanin 2,000 ke mutuwa a bakin aiki cikin shekara guda a Amurka, sama da 20,000 na jin rauni, da yawansu wajen murza birki da haɗa taragu da hannu. Wani tsohon jami'in hukumar jiragen ƙasa ta jihar Iowa, Lorenzo Coffin, ya kwashe shekaru yana rubuce-rubuce da matsa wa ƴan majalisa lamba. Ranar 2 ga Maris na 1893 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta birkin da direba ke sarrafawa da kuma maɗaurin tarago mai kama kansa. Ta fara cikakken aiki a 1900, bayan kamfanoni sun nemi a ƙara musu lokaci.

Kafin nan sana'ar ta ƙetare teku. Ya kafa masana'anta a Ingila, da Hanover a Jamus, da kuma Sevran kusa da birnin Paris. Unguwar da ta tashi a gefen masana'antar Sevran har yau Freinville ake ce mata, wato garin birki.

Lantarki, arziki da faɗuwa

Birki ne ya ba shi arziki, amma bai tsaya nan ba. A 1881 ya kafa kamfanin alamomin layin dogo, don jirgin da ke iya tsayawa yana bukatar abin da zai gaya masa inda zai tsaya. A 1884 ya haƙa rijiyar iskar gas a harabar gidansa na Pittsburgh, ya ƙirƙiro hanyoyin rarraba ta cikin gari. A 1886 ya kafa kamfanin lantarki, ya rungumi nau'in wutar da ake iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a kai ta nesa, ya kuma sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla a 1888. Wannan ya haɗa shi doguwar rigima da Thomas Edison, wanda ɓangarensa ya yi ta yayata cewa wutar Westinghouse kisa take. A 1893 kamfanin Westinghouse ne ya haskaka babban baje kolin duniya na Chicago, a 1896 kuma wutar da injunansa suka samar a magangarar ruwa ta Niagara ta isa birnin Buffalo. Irin wannan wuta ce ke cikin wayoyin gidaje a duniya a yau.

Ma'aikatansa sun san shi da kyautatawa. Yana cikin masu masana'antun farko a Amurka da suka ba ma'aikata hutun rabin ranar Asabar, kuma da ya mayar da masana'antar birki garin Wilmerding ya gina musu gidaje. Sai dai mutum ne mai cin bashi don faɗaɗa aiki, ba ya kuma son masu banki su sa masa baki. Da rikicin kuɗi na 1907 ya auka wa Amurka, kamfanin lantarkin ya kasa biyan basussukansa, masu banki suka karɓe ragamarsa. A 1911 ya raba gari da kamfanin da ke ɗauke da sunansa. Ciwon zuciya ya kama shi, ya mutu a birnin New York ranar 12 ga Maris na 1914 yana da shekara 67, matarsa ta bi shi bayan wata uku. An binne su a maƙabartar sojoji ta Arlington. Ya bar ɗa guda, kamfanoni kusan 60, da takardun mallakar ƙirƙira 361.

Daga layin dogo zuwa tirela

A shekarun 1920, da manyan motoci da bas-bas suka ƙara nauyi har ƙafar direba ta kasa, aka fara sa musu birkin iska. A 1930 kamfaninsa ya haɗa hannu da kamfanin Bendix don wannan aiki. A Jamus kamfanin Knorr ya bi wannan hanya. Sunan WABCO da makanikai ke gani a jikin bawul na motocin Turai, taƙaitaccen sunan kamfanin da ya kafa a 1869 ne.

A babbar mota, aikin yana farawa daga kwamfireso, wato injin matse iska da injin motar ke juyawa. Akwai bawul mai lura da cikar tanki: idan iska ta kai iyakar da aka tsara, yawanci tsakanin bar 8 zuwa 12 gwargwadon ƙirar motar, sai ya dakatar da cikawa, idan ta ragu ya sake farawa. Iskar da aka matse tana zuwa da zafi, da laima, da ɗan mai, shi ya sa take bi ta wata matata mai busar da ita kafin ta shiga tankuna. Gajeren hucin da ake ji lokaci zuwa lokaci alhali mota na tsaye injin yana aiki, matatar ce ke tofar da ruwan da ta tara. Tankunan kuma a rabe suke, na ƙafafun gaba daban, na baya daban, na birkin hannu da tirela daban, da bawul mai tsaro a tsakaninsu, don idan layi ɗaya ya fashe kada ya kwashe iskar sauran.

Abin da direba ke takawa bawul ne, ba ƙarfin ƙafarsa ke tsayar da motar ba. Gwargwadon takawarsa, gwargwadon iskar da ke tafiya zuwa tukunyar birki da ke kusa da kowace ƙafa. A cikin tukunyar akwai faifan roba, iska ta tura shi, shi kuma ya tura sandar ƙarfe. Sandar ta tura wani hannu da ke juya ƙarfe mai lanƙwasa kamar harafin S, wannan ya buɗa takalman birki biyu su matse cikin gangar ƙafa. A wannan hannun ne ake daidaita birki yayin da takalman ke cinyewa. Idan aka bar shi ya yi sako-sako, sandar za ta kai ƙarshen tafiyarta ba tare da takalmi ya matse sosai ba, agogon iska na nuna tanki a cike amma mota ba ta tsayawa. Sabbin motoci da yawa suna da birkin faranti maimakon ganga, amma iskar ce dai ke tura shi.

Wannan birkin ƙafa ya yi kama da tsarin Westinghouse na 1869: iska ce ke kamawa. Darasin 1872 yana wurare biyu. Na farko a tukwanen ƙafafun baya, waɗanda ke da ɗaki na biyu mai ɗauke da wani ƙaton sifirin. An ƙara wannan ne shekaru da yawa bayan mutuwarsa, amma tunaninsa ne aka bi. Sifirin ɗin koyaushe yana neman ya kama birki, iska ce ke danne shi. Idan direba ya ja birkin hannu, iskar ta fita da dogon hucin nan, sifirin ya kama. Idan iskar motar ta zube a kan hanya, fitila da ƙararrawa za su gargaɗi direba, in ta ci gaba da raguwa sifirin ya kama da kansa. Shi ya sa da safe direba ke barin injin ya yi ta aiki yana duban agogon iska, don motar ba ta motsawa sai tankuna sun cika.

Na biyu yana tsakanin kan mota da tirelar da yake ja. Tiyo biyu ne ke haɗa su, a motocin Turai ja da rawaya. Jan a cike yake da iska koyaushe, shi ke cika tankin tirela. Rawayan umarni kawai yake kaiwa: idan direba ya taka birki, sai ya gaya wa wani bawul da ke jikin tirelar ya buɗe iskar tankinta zuwa tukwanenta, don kada a jira iska ta taso tun daga gaba. Idan tirela ta kwance daga kai jan tiyo ya tsinke, wannan bawul zai ji iskar ta ɓace, ya kama birkin tirelar da iskar tankinta. Aikin bawul mai aiki uku na 1872 ke nan, a kan tayoyin roba.

Inda hannun mutum ke warware dabarar

Tsarin yana kare mutane ne muddin ba a kashe shi da gangan ba. A bayan tukunya mai sifirin akwai wani dogon kusa mai zare da makanike ke murzawa ya ɗaure sifirin ɗin, don a samu a ja motar da ta lalace zuwa gareji. Idan aka bar shi a ɗaure aka ci gaba da aiki, wannan ƙafar ba ta da birkin hannu, ba ta kuma da mai cetonta ranar da iska ta zube. Haka yake ga wanda ya toshe tiyon tukunyar da ke yoyo maimakon ya canza faifan roba, da wanda ya ja tirela mai lodi bai haɗa tiyonta ba. Tukunyar kanta ba abin da za a buɗe da guduma ba ce, don ƙarfin sifirin ɗin ya isa ya kashe mutum.

Ruwan da ke taruwa a tanki yana rage wa iska wuri, yana sa bawul tsatsa, shi ya sa ake jan zaren da ke ƙasan tankin a zubar da shi. Direban da ke yawan taka birki yana saki a kan doguwar gangara yana zubar da iska fiye da yadda kwamfireso ke cikawa, wanda kuma ya ɗora ƙafa bai ɗaga ba yana gasa ganga har takalmi ya daina kamawa. Maganin duka biyun shi ne sauka da ƙaramin giya da birkin injin. Lodin da ya wuce ƙa'ida kuwa, babu birkin da aka ƙera dominsa.

A Nijar, inda kusan duk buhun shinkafa, siminti da man fetur a bayan babbar mota yake tafiya, kuma manyan hanyoyi ke ratsa tsakiyar kasuwanni da ƙauyuka, wannan magana ta shafi mai tallan bakin hanya da ɗan kabu-kabu kamar yadda ta shafi direba da yaron mota. Westinghouse ya samu kuɗi da suna tun daga birkinsa na farko, amma ya koma ya rushe tsarin ya sake shi saboda tambaya guda, wato me zai faru ranar da tiyo ya tsinke. Fiye da shekara 150 bayan haka, amsar da ya bayar tana nan a ƙarƙashin kowace tirela, ga duk mai motar da ya bar ta ta yi aikinta.